Dalilin da Ya Sa Furen Shinkafa Ba Ya Buɗewa Sai da Hantsi

Dalilin da ya sa furen shinkafa ya zama ɗan mitsitsi, kuma ba ya buɗe baki sai da hantsi, shi zan gaya muku yau, tunda na ga kuna ta zuba loma kuna suɗe hannu, amma ko ɗayanku bai taɓa ganin furen abin da yake ci ba. Kai mai dariyar nan, ka taɓa gani? To rufe bakinka ka buɗe kunne.

A zamanin da, furen shinkafa babba ne, fari fat, ya kai na auduga girma. Tun da sassafe yake buɗewa, ba ya rufewa sai rana ta faɗi. Kuma a lokacin shinkafa ba ta san kan dutse ba. 'Yar fadama ce, a bakin gulbi take zamanta, inda ruwa ya wadata, rana kuma take gasa ƙasa son ranta.

A wani gari na bakin gulbi akwai wata mata ana ce mata Tabawa, gajera, mai kaifin baki, wadda in ta ce a'a to magana ta ƙare. Tana da wani irin shinkafa ja mai ƙamshi da ta gada a wurin uwarta. Wata shekara gulbi ya yi ambaliya, ya cinye garin da gonakinsa da rumbunansa, mutane suka watse kowa ya kama gabansa. Tabawa ta tsira da zanen jikinta da wata gora cike da iri, ta toshe bakinta da tsumma. Duk duniya babu sauran wannan jar shinkafa sai abin da ke cikin gorar nan.

Ta ce ita da zama kusa da gulbi har abada. Ta kama hawan tudu, ta yi ta hawa, har ta isa wani ƙauye a kan Dutsen Lulluɓi.

Wannan dutse na Gajimare ne. Kullum yana shimfiɗe a saman ƙauyen kamar murfin tukunya, rana ba ta taɓa ganin ƙasar wurin ba, sai ɗan haske da ɗan ɗumin da suke tsiyayowa ta jikinsa. Ruwa kam ba ya rowarsa. Ko'ina ƙorama ce, ko'ina danshi, in ka shanya wanki sai ka manta da shi kafin ya bushe. Amma yana da wani mugun kwaɗayi: fure yake lasa. Duk abin da ya yi fure, sai ya sauko da harshensa mai sanyi ya lashe shi, daga nan kuma abin ba zai ƙara yin 'ya'ya ba.

Tun kakannin kakanni mutanen dutsen suka yi yarjejeniya da shi: shi ya ba su ruwa, su kuma su bar masa duk wani fure. Don haka ba sa noma sai abin da ke ɓuya a ƙasa, gwaza da rizga da dankali. In zai sauko, sai a buga ganga, kowa ya kashe wutar murhunsa, don ba ya son zafi, a shiga ɗaki a rufe ƙofa, a yi shiru har ya gama ya hau.

Sarkin Noman ƙauyen, wani dattijo mai suna Jatau, shi ya karɓi Tabawa, ya yanka mata fili a gefen gangare. Mutumin kirki ne, sai dai tsoro ya riga ya zauna masa a ƙashi. Da ya leƙa gorar, sai ya girgiza kai.

Ya ce, "Baƙuwa, wannan abin yana fure?"

Ta ce, "Yana yi, Baba. Fari fat."

Ya ce, "To dafa shi ki ci tun yana da amfani. Zo in ba ki irin gwaza."

Ta ce, "Na gode, Baba, gwazar ma zan shuka don ciki. Amma wannan ba na tukunya ba ne."

Ta ɗaura ɗamara ta shiga aiki. Ta yanka gangaren nan hawa-hawa, ta jera duwatsu, ta shafe su da laka, ta yi fangali bisa fangali, wato ƙananan gonaki masu baki da ke riƙe ruwa. Ta karkato da ƙorama ta shigo na sama, in ya cika ya zubo wa na ƙasa. Masu wucewa suna dariya, suna cewa baƙuwa tana gina wa kwaɗi ɗakuna. Ko a jikinta. Ta shuka mafi yawan irin, ta bar kaɗan a gindin gora.

Shinkafa ta tsiro, kuma a zamanin nan tsiro yana magana da mai shi. Ta ce, "Uwar ɗakina, ruwa ya ishe ni, amma ina rana? Ƙafata ta ƙandare."

Tabawa ta ce, "Ni ma tawa ta ƙandare. Daure ki girma."

Ta daure ta girma a hankali, ta yi ciki, ta fidda kai, wata safiya gangaren nan ya rufe da farin fure. Mutanen dutsen ba su taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Suna tsaye baki buɗe sai ga ganga ta ɗauka. Kowa ya ruga. Jatau ya kama hannun Tabawa ya ce, "Taho, 'yar nan, al'adar wuri ce."

A nan ta yi kuskure. Ta ji nauyin masu masauki, ta bi su, ta kashe wutarta ta rufe ƙofa. Tana zaune cikin ɗaki tana jin Gajimare yana bin fangalinta ɗaya bayan ɗaya, lap, lap, lap, har da gyatsa. Da ya hau ta fito, babu fure ko ɗaya. Zangarniyoyin suka bushe a tsaye, farare, in ka murza sai buntu zalla, babu ƙwaya.

Tabawa ta yi kuka, kuka mai cin rai, ba ta ɓoye wa kowa ba. Da ta gama ta share ido ta ce, "Ni na shiga ɗaki na bar masa. Ba zan ƙara ba." Ta yanke karan ta yi wa ɗakinta jinka da shi.

Abin da ya rage a gora bai fi cikin tafin hannu biyu ba, kuma iri ba ya jiran mutum. Danshin dutsen ya riga ya fara taɓa shi, in ya tsallake damina mai zuwa ba zai ƙara tsirowa ba. Jatau ya sake zuwa ya ce, "Baƙuwa, ki ji tausayin kanki. Ko fate ki yi da shi, ki tuna ɗanɗanon garinku."

Ta ce, "Baba, in na cinye shi yau, gobe me zan tuna?"

Irin bai ishi komai ba sai fangali guda, don haka da damina ta dawo ta shuka shi a na can ƙasa. Sauran kuwa ta bar su cike da ruwa fal babu shuka, don ta lura ruwan ƙorama in ya huta a fangali ya huta a wani, kaifin sanyinsa yana raguwa kafin ya iso ƙafar shinkafa. Shinkafa ta ji daɗin wannan, ta yi tofo, ta yi kore shar.

Da ta fidda kai, Tabawa ta durƙusa cikin ruwa ta ce mata, "Saurara. Bana kada ki buɗe."

Shinkafa ta ce, "Uwar ɗakina, in ban buɗe ba ai ba zan yi ƙwaya ba."

Ta ce, "Na sani. In kin buɗe masa ma ba za ki yi ba. Ki damƙe bakinki har sai na ce."

Shinkafa ta damƙe. Amma Gajimare ya riga ya ji ƙamshi. Ganga ta ɗauka, wuta ta mutu a kowane gida, ƙofofi suka rufe. Tabawa kuwa ta shiga tsakiyar fangalinta, ruwa har ƙwauri, ta riƙe ƙugu ta tsaya.

Ya sauko, fari, mai nauyi, har ba ta ganin yatsun hannunta. Ya zagaya, ya shinshina, bai sami fure ba, sai mutum ya samu.

Ya ce, "Ke wace ce? Ba ki ji ganga ba?"

Ta ce, "Na ji. Kunnena lafiya lau."

Ya ce, "To me kike yi a waje?"

Ta ce, "A gonata nake. Kai me kake yi a ciki?"

Tun da aka kafa dutsen ba a taɓa yi masa irin wannan tambaya ba. Ya kumbura ya yi duhu. Ya ce, "Akwai alkawari tsakanina da mutanen nan. Ruwa nawa ne, na ba su. Fure nawa ne, su bar mini."

Ta ce, "Ba da kakana aka yi ba. Bara ka ci, ban ce komai ba, don ina baƙuwa. Bana ko lasa ɗaya ba za ka yi ba."

Ya yi dariya har yayyafi ya zubo. Ya ce, "Zan zauna in jira. Ni ba ni da wurin zuwa."

Ta ce, "Ni ma gulbi ya cinye nawa."

Ya zauna. Ita ma ta kafe. Gari ya waye, gari ya sake wayewa, yana nan kwance a kan ƙauyen, tana nan tsaye. In ƙafa ta gaji sai ta zauna a bakin fangali ta gutsuri ɗanyen dankali, ta koma. Haƙoranta suna kaɗawa, leɓenta ya tsage, amma in ya matso ya ce, "Kin gaji?" sai ta ce, "Kai dai ka gaji."

To, ku tuna, muddin yana ƙasa ba a hura wuta. Kwana da kwanaki babu wanda ya ɗora tukunya a ƙauyen. Yara suna cin ɗanyar rizga suna kukan ciki, tsofaffi suna tari, tabarmi sun yi funfuna. Ita ma Shinkafa ta fara galabaita. Ta ce, "Uwar ɗakina, furen yana shaƙewa a cikina. In yau ta wuce ban buɗe ba, ya mutu."

A ranar ne Jatau ya fito da mazan gari, suna lalube cikin farin duhun nan, kowa da lauje a hannu. Bai iya kallon idonta ba.

Ya ce, "Tabawa, ki gafarce ni. Ko ki ce ta buɗe ya ci ya tafi, ko mu yanke ta. Jikokina suna mutuwa da sanyi saboda tafin hannu biyu na iri."

Maganar ta soke ta, don ta san gaskiya ya faɗa, kuma yaran nan ba su yi mata laifin komai ba. Ta dubi laujen, ta dubi shinkafarta. Ta ce, "Baba, sanyi ke kashe su, ko rashin wuta?"

Ya ce, "Ai duk ɗaya ne."

Ta ce, "Ba ɗaya ba ne. Ku ba ni gwargwadon dahuwar tuwo. In ban yi komai ba, ni da hannuna zan yanke."

Ta fito daga ruwa da ƙyar, ƙafafunta kamar ba nata ba. Ta shiga ɗakinta ta finciko jinkar ta ciki, inda karan bara ya sha hayaƙi ya bushe. Ta rungumo shi ta zube a bakin fangali, ta zaro ƙyastu.

Jatau ya ce, "Subhanallahi! Wuta? A gabansa?"

Ta ce, "A kan hancinsa ma."

Ta ƙyasta, kara ya kama. Mazan nan suka ja da baya har suna take juna. Gajimare ya yi tsawa ya sako ruwa don ya kashe ta, Tabawa ta sunkuya ta kare wutar da bayanta, tana hurawa, hayaƙi yana shiga idonta. Ta koma ta kwaso sauran jinkar, ta ɓalle ƙyauren ɗakin ta jefa, ta jefa gadonta na kara, ta jefa muciya da taɓarya. Wutar ta tashi, amma ba ta kai ba, ga shi kuma ba ta da sauran abin ƙonawa.

Sai aka ji ƙofa ta buɗe. Wata mata mai goyo, Yalwa, ta fito da damin itace a ka. Mijinta ya daka mata tsawa ya ce ta koma. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. 'Ya'yana sun gaji da ɗanyar rizga. In za a hura wuta, a hura ta da kyau." Ta zube itacen a kai. Wata ƙofar ta buɗe, wata ma ta buɗe. Kan ka ce me, matan ƙauyen sun yi layi, kowace da abin da ta samu.

Wuta ta yi sama tana ruri. Zafin ya daki cikin Gajimare, ya yi ƙara, ya janye jikinsa, sai ga rami ya buɗe a tsakiyarsa har can sama.

Daidai lokacin hantsi ne, Rana tana wucewa abinta kamar kullum. Ta saba ganin farin abu a wurin, ba ta taɓa sanin akwai ƙasa a ƙarƙashinsa ba. Ta leƙa ramin, sai ta ga fuskarta a cikin fangalin nan masu ruwa, hawa bisa hawa, kowanne yana nuna ta. Ku kun san Rana da son ado. Ta tsaya cak, ta gyara ɗaurin kallabi, ta juya hagu ta juya dama.

Ta ce, "Ikon Allah! Wa ya shimfiɗa mini madubai haka?"

Tabawa ta ɗaga murya ta ce, "Ni ce, Iya! Ba don ke na yi ba, gaskiya, don shinkafata na yi. Amma in kina so, naki ne kullum, ki dai kore mini wannan daga kaina."

Rana ta ce, "Yarinyar nan ba ta iya daɗin baki ba, amma ta iya aiki." Ta dubi Gajimare ta ce, "Kai, matsa in gani da kyau."

Ya ce, "Dutsena ne."

Ta ce, "Dutsenka? Ba ni na ɗauko ka daga gulbi kana ɗan tururi ba? Ni na goya ka har nan, yau ka yi ƙiba za ka tsare mini hanya? Matsa, kafin in mai da kai inda na samo ka."

Gajimare ya san uwar goyonsa ba ta wasa. Ya nannaɗe jikinsa yana gunaguni ya koma ƙololuwar dutse. Haske ya zubo a kan ƙauyen, zafi ya taɓa bayan mutane, tsofaffin da aka haifa a wurin suka rufe ido da hannu suna salati.

Amma bai tafi haka kawai ba. Daga can sama ya ce, "In an hana ni fure, na hana ruwa. Mu ga madubin da za a yi da busasshiyar ƙasa."

Rana ta ce, "Ni ma ba zama na zo yi ba, duniya tana jirana. Ga yadda za a yi. Safiya taka ce, yamma taka ce, ka sauko ka kwanta yadda kake so, ka kuma ci gaba da ba da ruwa. Amma hantsi nawa ne. In na iso ka tashi, sai na wuce ka dawo."

Ya ce, "Duk furen da na tarar a buɗe a lokacina, na lashe."

Tabawa ta ce, "In ka tarar."

Ta juya ta faɗa cikin fangali ta ce, "Yanzu! Buɗe!"

Shinkafa ta buɗe. Sai dai abin da ya fito ba shi Tabawa ta sani ba. Furen ya daɗe a matse, ya tsuke, ya ƙanƙance, babu farin nan mai faɗi, sai wasu 'yan zare-zare masu rawa a bakin kowace ƙwaya, sai ka sunkuya kafin ka gan su. Hawaye ya zubo wa Tabawa. Ta ce, "Wayyo, ni na yi miki haka."

Shinkafa ta ce, "Bari kuka, uwar ɗakina, ba mu da lokaci. Ki tsaya mini kawai."

Ta tsaya mata. Kafin Rana ta kai tsaka, furen ya gama aikinsa ya rufe. Da Gajimare ya gangaro da yamma, ya bi fangalin nan kaf da harshe, bai sami komai ba sai ɗanyen ganye. Washegari da hantsi waɗanda ba su buɗe jiya ba suka buɗe, haka har aka gama.

Zangarniya ta cika ta yi nauyi, ta yi ja. Tabawa ta girbe, ba ta da ɗakin da za ta ajiye, sai a ɗakin Yalwa ta zuba. A shekarar ko ƙwaya ɗaya ba ta kai bakinta ba, duk iri ta bari. Sanyin ruwan nan kuwa ya zauna mata a gwiwa, da sanda ta ƙarasa rayuwarta, amma ba wanda ya taɓa jin ta ce da na sani.

Da damina ta kusa, Jatau ya zo da 'yar ƙwarya a hannu, yana ta kame-kame. Ya ce, "Tabawa, ko za a sami ɗan abin shukawa?"

Ta cika masa ƙwaryar har tana zuba. Ta ce, "Ga shi, Baba. Amma ka sani, ba ta yi wa mai ɓuya a ɗaki albarka. In ya sauko, wutarka tana ci, kai kuma kana gona."

Ya ce, "Gangar fa?"

Ta ce, "Ku ajiye ta don biki."

Shi ya sa har yau, in kun je ƙasar duwatsu inda ake noman shinkafa hawa-hawa, za ku ga ruwa bai isa shi kaɗai ba, sai da ɗumi, sai kuma rana ta leƙo a lokacin fure. Da sassafe gajimare yana kwance a kan gonaki, hantsi na yi sai ya tattara ya hau. A ɗan wannan tsakanin kaɗai shinkafa take buɗe furenta, ta yi sauri ta rufe. Shekarar da ya yi taurin kai ya ƙi tashi, ko ya dawo da wuri ya sami wasu a buɗe, ita ce shekarar da manomi yake murza zangarniya ya ga buntu. Furen nan bai ƙara komawa girmansa na da ba, kuma shinkafa ba ta taɓa neman ya koma ba. Gajimare yana nan yana zagaya ta safe da yamma, ita kuwa bakinta a rufe yake gam.